Agogon da ke kwana inda aka kashe shi: yadda aka saita DS3231 a kan Raspberry Pi na wani foraj a gefen Mirya

Wata ƙungiyar masu garka a gefen Mirya, kimanin kilomita 18 daga Damagaram, tana da foraj guda mai fanfon hasken rana. Ruwan na kowa ne, amma bi da bi ake sha. Kowane mai fage yana da sa'o'insa, kuma in wata ya ƙare gwargwadon abin da ya ja yake biya. Don a rage gardama aka haɗa musu ƴar na'ura a cikin akwatin ƙarfe a gindin shato: allon Raspberry Pi 4, wato ƴar kwamfuta mai allo ɗaya, da mitar ruwa mai aiko da bugu yayin da ruwa ke wucewa, da maɓallan da kowa ke dannawa in ya buɗe nasa bututu. Aikin allon bai wuce rubutu ba: wane ne ya buɗe, ƙarfe nawa, ya rufe ƙarfe nawa, lita nawa ya ja.

Wutar allon daga ƙaramin pano take zuwa, da batir mai 12V da abin rage ƙarfin wuta zuwa 5V. Tunda fanfo ba ya aiki da dare, mai gadi ne ke kunna na'urar wajen ƙarfe 7 na safe, ya kashe ta bayan magariba. A wurin babu rezon da za a dogara da shi, balle intanet. An kafa ta a bazara.

Kwana goma da kafawa ƙorafi ya iso Damagaram. Wani dattijo da kowa ya san da hantsi yake ban ruwa, kundin ya nuna shi yana jan ruwa ƙarfe 9 na dare, lokacin da ko fanfon ba ya motsi. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ba kullum ba ne. Yau sa'o'in su kusan dacewa, gobe su juye su koma dare, jibi su sake daidaituwa. Shi ya sa aka fara zargin zafi, wasu suka ce waya ce ta saki. Da aka duba kwanan wata sai aka ga a cikin kwana goman nan kalandar na'urar kwana biyar kawai ta ci.

Wannan lissafin shi ya tona asirin matsalar. Na'urar tana kunne kusan awa 12, tana kashe awa 12, agogonta kuwa ba ya tafiya sai tana kunne. Ranar farko daidai take daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma. Washegari da aka kunna ta, sai ta ci gaba daga ƙarfe 7 na yamman jiya, hantsi ya zama dare. Zuwa magariba agogonta ya kai ƙarfe 7 na safe, don haka rana ta uku sa'a ta dace, amma kwanan wata ya rage ɗaya. Haka ta yi ta yi. Ba zafi ba ne, ba waya ba ce.

Abin da aka tarar a cikin akwatin

Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019, ba shi da agogon da ke ci gaba da tafiya in wuta ta ɗauke. Kwamfutar tebur tana da ƴar pil a jikin babban allonta don wannan aikin, shi kuwa ba shi da ita. Wanda ya haɗa na'urar ya san da haka, don kuwa ya saka ɗan allon agogo: irin shuɗin nan mai rubutun ZS-042, mai ɗauke da cif DS3231 da mazaunin pil a bayansa, wanda ake samu a wurin masu kayan lantarki ta hanyar Kano. Zaɓin cif ɗin daidai ne. Saura duk abin da ya biyo baya ne aka yi tuya aka manta da albasa.

Ya haɗa wayoyi, ya buga wannan umarni:

`sudo i2cdetect -y 1`

Tebur ya fito da lamba biyu, 57 da 68. Ta 68 adireshin DS3231 ne a kan layin I2C, wato wayoyin da allo ke magana da cif ta kansu, ta 57 kuwa ta wani ƙaramin cif ne na ajiyar bayanai, AT24C32, da ke zuwa tare da ɗan allon, ba ruwansa da lokaci. Da ya ga 68, ya buga `date` lokaci ya fito daidai, sai ya rufe akwati.

Amma 68 ba ta cewa komai sai dai cif ya amsa sallama. Ba ta nuna Linux, tsarin da ke tafiyar da allon, yana karanta lokaci daga gare shi ba. Hasali ma akasin haka take nufi: duk lokacin da direba, wato manhajar Linux mai kula da cif, ya karɓi cif ɗin, a gurbin 68 haruffa UU ake gani. Lokacin da `date` ya nuna kuwa daga intanet ya zo, domin a shago cikin Damagaram allon yana kan Wi-Fi, kuma da zarar ya tashi yake tambayar lokaci ta NTP, hanyar karɓar lokaci daga intanet.

A Mirya da babu intanet, wasu manhajoji biyu ne suka rufe ɓarakar. Ta farko `fake-hwclock`, wadda ke ajiye lokaci a fayil ɗin `/etc/fake-hwclock.data` kowace awa da kuma lokacin kashewa, ta maido shi in an kunna. Ta biyu `systemd-timesyncd`, wadda a Raspberry Pi OS na Bookworm, wato fitowar tsarin da ke kan wannan allon, take taɓa fayil ɗin `/var/lib/systemd/timesync/clock` kowane daƙiƙa 60, in allo ya tashi ta tura agogo zuwa wannan lokacin. Dukan dabarun biyu an yi su ne don kada agogo ya koma 1970, ba don su san tsawon daren da ya wuce ba. Shi ya sa layin farko na kowace safiya ya ɗora daga mintin da mai gadi ya kashe wuta. A tsohon tsarin Bullseye alamar daban take, kuma ya kamata mai gyara ya san ta: in an yanke wuta ba tare da an kashe allo a tsanake ba, kowace safiya agogo yakan fara daga minti 17 na awar ƙarshe, saboda a minti na 17 ne Debian ke gudanar da ayyukanta na awa-awa.

Kafin a taɓa komai an tambayi cif ɗin kansa. Wannan dama ce da ba ta dawowa bayan an ɗora direba, don haka a fara da ita:

`sudo i2cget -y 1 0x68 0x0f`

Amsa ta zo 0x88. Rajista ƙaramin gurbin ajiyar lamba ce a cikin cif, kuma 0x0F ita ce ta halin da cif ke ciki, kuma bit na 7 a cikinta, mai suna OSF, yana tashi duk lokacin da bugun agogo ya taɓa tsayawa, ya kuma zauna a haka har sai an goge shi. 0x88 ita ce ƙimar da cif ke farawa da ita ranar da ya fara samun wuta. Ma'ana ba wata manhaja da ta taɓa karɓar ragamarsa. Lokaci yana zaune a rajista 0x00 zuwa 0x06, daga daƙiƙa zuwa shekara, a tsarin BCD, wato in ka ga 0x45 to 45 ake nufi, ba 69 ba. Rajistar shekara, 0x06, ta ba da 0x00. Cif ɗin yana can cikin shekarar 2000 yana ƙirga abinsa.

Pil ɗin da ta kumbura

Da aka juya ɗan allon sai ga matsalar da ba a zo nema ba, kuma ta fi ta farko haɗari. Pil ɗin, CR2032 mai 3V, ta kumbura, fuskarta ta yi tozo har ta ɗaga ƙarfen da ke riƙe da ita. An bi wayar VCC, mai kai wa ɗan allon wuta, aka tarar da ita a ƙafa ta 2 ta allon, wato 5V.

Ga abin da ke faruwa. ZS-042 yana da ƴar hanyar caji daga VCC zuwa mazaunin pil: rezistans mai om 200, wanda aka rubuta 201 a bayansa, da diyod 1N4148, ƴar gilashin nan mai launin ja-ja da baƙin zobe. An saka ta ne don LIR2032, pil mai ɗaukar caji. Amma abin da ke kasuwa, abin da kowa ke sakawa, CR2032 ce, irin ta makullin mota da sikeli, kuma ita ba a cajinta ko kaɗan. In VCC yana 5V, diyod ta ci kusan 0.7V, pil tana 3V, sai 1.3V ya rage a kan om 200, wato wajen miliamfa 6 na kutsawa cikin pil ɗin da ba a gina ta don karɓa ba, awa 12 a kowace rana, a cikin akwatin ƙarfe, a bazarar Damagaram da zafin inuwa ma ke haura digiri 40. Da farko ta kumbura, daga nan ta zubo da ruwanta ta ci allo, wani lokaci ta fashe. Ko LIR2032 ɗin ma ba ta tsira ba, domin iyakarta 4.2V, wannan hanya kuwa ba ta da abin da zai tsayar da caji in ta cika.

5V ɗin yana da wata ɓarna ta biyu da ba a gani da ido. Layin I2C waya biyu ne, SDA da SCL, kuma kowace ana jan ta sama da rezistans. Raspberry Pi yana da nasa masu 1.8k zuwa 3.3V a jikin allo. ZS-042 ma yana da nasa masu 4.7k zuwa VCC. In VCC 5V ne, su biyun suna ja-in-ja, layin ya tsaya wajen 3.8V. Ƙafafun Raspberry Pi na 3.3V ne. Yana iya jurewa na wani lokaci, shi ya sa mutane ke cewa ai yana aiki, amma wahalar da shi ake yi ba gaira ba dalili, tunda DS3231 yana aiki lafiya lau da 3.3V.

Gyaran da aka yi, a kan tebur, wuta a kashe:

An cire kumburarriyar pil da tsinken roba, ba a sake amfani da ita ba. An ɗora bakin ƙarfen darma a kan rezistans mai 201 har gefensa biyu suka narke, aka ture shi gefe. Cire diyod ma yana yi, ɗaya daga ciki ya isa. A lura kada a cire wanda ke kusa da ƴar fitila, mai rubutun 102, ko jerin masu 472, waɗannan na wani aiki ne. Daga nan aka ba ɗan allon wuta babu pil a ciki, aka auna mazaunin da mita. Kafin gyara, da 5V, mita tana nuna sama da 4V a wurin. Bayan gyara bai kamata a ga wani tsayayyen ƙarfin wuta ba.

Wasu kan ce in dai an koma 3.3V ba sai an cire komai ba, tunda abin da ya rage bayan diyod bai kai ƙarfin sabuwar pil ba. Gaskiya ne muddin pil sabuwa ce. In ta tsufa ta sauka, ƴar wuta za ta fara tsiyaya ciki, kuma ranar da wani ya zo gyara ya mayar da waya kan 5V an koma gidan jiya. Aikin minti biyu ne, a cire shi a huta.

Sabon haɗin waya huɗu ne: VCC zuwa ƙafa ta 1 mai 3.3V, SDA zuwa ƙafa ta 3, SCL zuwa ƙafa ta 5, GND zuwa ƙafa ta 9, ko ta 6. 32K da SQW a bar su haka. Wayoyin da aka tarar irin masu cusawa ne, dogaye, an naɗe su tare da wayar fanfo. An maye su da gajeru da ba su kai santimita 15 ba, an yi musu darma a gefen ɗan allon, an raba hanyarsu da duk wata waya mai ɗaukar babbar wuta. I2C an yi shi ne don cif da cif a kan allo ɗaya, ƙa'idarsa ba ta yarda nauyin layi ya wuce 400pF ba, kuma ƙurar hunturu da zafin rana suna sassauta masu cusawa a hankali. Sannan aka saka sabuwar CR2032, wadda mita ta nuna ta haura 3V. Wani abu game da DS3231: in pil kawai aka saka masa karon farko, ba ya fara bugawa sai ya ga wutar VCC ko an kira adireshinsa ta I2C. An yi haka ne don kada pil ta ƙare a kanti, ba lalacewa ba ce.

Saitin manhaja

Wannan ɓangaren gajere ne in an bi shi a jere. A Bookworm fayil ɗin saiti yana `/boot/firmware/config.txt`, a tsofaffin tsari kuwa `/boot/config.txt`. Masu bin tsohon bayani sukan rubuta a na biyun a kan sabon tsari, su yi ta mamakin abin da ya hana aiki. Layi biyu ake bukata:

`dtparam=i2c_arm=on`
`dtoverlay=i2c-rtc,ds3231`

Sai a sake tayar da allo. Yanzu `i2cdetect` ya nuna UU, fayil `/dev/rtc0` ya bayyana. A duba abin da kanel, wato zuciyar Linux, ta faɗa:

`dmesg | grep -i rtc`

Sunan direban `rtc-ds1307` ne ko da cif ɗin DS3231 ne, kada wannan ya ruɗa kowa, direba ɗaya ne ke kula da dangin duka. A wannan tashin na farko ya buga gargaɗin `SET TIME!`, wanda shi ne amsarsa ga OSF ɗin nan da aka gani. In wata rana aka sake ganin wannan gargaɗi a na'urar da ta daɗe tana aiki, pil ta mutu ko ta saki.

Sai a kawar da mai rufa-rufa:

`sudo systemctl disable fake-hwclock`
`sudo apt remove fake-hwclock`

In allo ya ce bai san `hwclock` ba, wato umarnin karanta lokaci da rubuta shi a cif da za a yi amfani da shi a gaba, yana cikin kunshin `util-linux-extra`.

Kafin a rubuta lokaci a cif, a duba yankin lokaci da `timedatectl`. A nan aka kama kuskure na uku, wanda bai riga ya fashe ba. Allon yana kan Europe/London, saitin da tsarin ke zuwa da shi. Nijar tana gaban UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, da awa 1 duk shekara, ba ta canzawa. Ingila kuwa daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba ita ma awa 1 take gaban UTC, shi ya sa a bazara agogon Landan da na Damagaram bakinsu ɗaya. Da an bar shi, ƙarshen Oktoba, daidai lokacin da aikin garka ke kankama, kundin zai koma baya da awa guda a dare ɗaya. Masu zaɓar Europe/Paris saboda sun saba da faransanci nasu a juye yake: daidai a hunturu, awa ɗaya gaba daga ƙarshen Maris. Maganin layi biyu ne:

`sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey`
`sudo timedatectl set-local-rtc 0`

Layi na biyu yana tabbatar da cewa UTC ne ke zaune a cikin cif, Linux ne ke ƙara awa ɗaya wajen nunawa. Kada wani ya rubuta lokacin Nijar kai tsaye cikin rajistoci da ƴar manhajarsa, domin kanel za ta ɗauke shi a matsayin UTC ta sake ƙara awa.

Yanzu a samo lokaci na gaskiya. In akwai intanet, ko da na wayar salula ne aka raba, a jira har `timedatectl` ya nuna `System clock synchronized: yes`, sannan:

`sudo hwclock -w`
`sudo hwclock -r`

Na farko yana zuba lokacin Linux cikin cif, na biyu yana karanto shi. In babu intanet sam, a kashe NTP da `sudo timedatectl set-ntp false`, a saka lokaci da hannu da `sudo timedatectl set-time`, a jere shekara, wata, rana, sannan awa, minti, daƙiƙa, ana kallon wayar da ke karɓar lokaci daga rezo.

Saura abu ɗaya da ake yawan tsallakewa. Direban agogo ba ya cikin abubuwan farko da ke tashi, yakan ɗauki ƴan daƙiƙoƙi kafin a ɗora shi. Sababbin kanel suna saita agogon tsarin da kansu da zarar cif ya yi rajista, za a ga layin `setting system clock to` a `dmesg`. Amma manhajar kundi tana iya riga shi tashi, ta buɗe fayil ɗin yau da kwanan watan jiya. Don haka a fayil ɗin hidimarta na systemd, mai tayar da manhajoji in allo ya tashi, an ƙara layi biyu a sashen `Service`:

`ExecStartPre=/bin/sh -c 'until [ -e /dev/rtc0 ]; do sleep 1; done'`
`ExecStartPre=/sbin/hwclock --hctosys`

Na farko yana jiran cif, na biyu yana tilasta wa tsarin ya ɗauki abin da cif ya ce, ba abin da wani fayil ya tuna ba. In cif bai bayyana ba cikin daƙiƙa 90 systemd zai ce hidimar ta gaza. A cikin manhajar kanta an sa sharaɗi: in shekarar da agogo ya bayar ta gaza shekarar da aka kafa na'urar, ta ci gaba da ƙirga lita, amma ta yi wa kowane layi alamar cewa lokacinsa ba abin dogaro ba ne, ta kuma kunna jar fitila a murfin akwati don mai gadi ya gani. Wannan sharaɗin ya fi duk sauran saitin amfani ga masu garka. Kundin da ya ce bai san lokaci ba ana iya cike shi da littafin mai gadi. Wanda ya ba da lokacin ƙarya da cikakken tabbaci kuwa, shi ke sa a tuhumi dattijo da satar ruwa cikin dare.

Me ya sa ba DS1307 ba

An tambaya ko za a iya sa DS1307 a sauran wuraren, tunda ya fi sauƙin samu. A ɗaki mai sanyi da intanet, babu laifi. A akwatin ƙarfe a Damagaram, a'a. Shi da kiristal na waje mai 32.768kHz yake aiki, kuma irin wannan kiristal yana kan daidai ne wajen digiri 25. Duk nisan da aka yi daga nan yana rage gudu, da kusan 0.034ppm sau nisan a ninka shi da kansa (ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan). A digiri 45 nisan 20 ne, 400 sau 0.034 ya ba da 13.6ppm, wato daƙiƙa 1.2 a rana. A digiri 50 ya haura 21ppm, kusan minti guda a wata. Wannan ban da kuskuren da kiristal ɗin ke zuwa da shi daga masana'anta, wanda kan kai 20ppm. Ga shi kuma DS1307 sai da 5V yake aiki, an dawo maganar ƙafafun 3.3V.

DS3231, na kamfanin Maxim wanda Analog Devices ya saya a 2021, kiristal ɗinsa yana cikin jikinsa tare da ma'aunin zafi. Kowane daƙiƙa 64 yana auna zafi ya gyara bugunsa. Alkawarinsa 2ppm tsakanin digiri 0 da 40, kimanin minti 1 a shekara, da 3.5ppm in an wuce nan, ƙasa da minti 2 a shekara. Ma'aunin zafin nan ana iya karanta shi:

`cat /sys/bus/i2c/devices/1-0068/hwmon/hwmon*/temp1_input`

A raba lambar da 1000. Kuskurensa yana iya kai digiri 3, amma ya isa a san halin da akwati ke ciki, kuma an sa manhajar ta riƙa rubuta shi sau ɗaya a awa. An kuma ɗaga akwatin zuwa gefen shato da inuwa ta fi daɗewa, aka yi masa rumfar kwano da tazara a sama. Cif ɗin yana jure zafi, pil ce ba ta so. A lissafi CR2032 mai kusan 220mAh, da cif mai cin abin da bai wuce mikro'amfa 3 ba, ta kai shekara 8, amma zafi yana cin pil ko ba a amfani da ita. Auna ta sau ɗaya a shekara, kafin bazara, ya fi dogaro da lissafin. A canza ta allo yana kunne, lokaci ba zai ɓace ba.

Ga mai Raspberry Pi 5, wanda ya fito a Oktoban 2023, akwai agogo a jikin allon da mazaunin haɗa pil. In ya ƙara DS3231 a kai, na cikin gida ne zai zama `rtc0`, sabon ya zama `rtc1`, sai ya riƙa faɗa wa `hwclock` wanda yake nufi da `-f /dev/rtc1`.

Gwajin da ya kamata a yi tun farko

Duk kurakuran nan uku sun wuce gwajin shago, na farko kuwa saboda an yi gwajin da intanet ne. Har gudun agogo ma intanet yana ɓoye shi, domin muddin NTP ya daidaita, kanel tana sake rubuta lokaci cikin cif kowane minti 11. Don haka kafin a mayar da na'urar Mirya an yi mata gwaji irin na inda za ta zauna.

An toshe Wi-Fi da `sudo rfkill block wifi`, an zare wayar intanet. An yanke wuta da maɓalli kamar yadda mai gadi ke yi, aka bar ta ta kwana. Da safe aka kunna, aka gwada `sudo hwclock -r` da `date` da agogon waya, duka uku suka zo ɗaya, kuma layin farko na kundi ya ɗauki kwanan watan ranar. A tambayi `hwclock`, ba `date` kaɗai ba, tunda `systemd-timesyncd` tana nan kuma har yanzu tana iya ba da lokaci mai kama da gaskiya.

Sannan aka lalata ta da gangan: aka kashe, aka cire pil, aka jira minti ɗaya, aka mayar, aka kunna. Agogo ya koma 1 ga Janairu 2000, `SET TIME!` ya fito, jar fitila ta kama, layukan kundi suka zo da alamarsu. Aka sake saita lokaci.

Na ƙarshe shi ne na mako guda babu intanet. A 2ppm, kwana 7 bai kamata ya ba da bambancin da ya wuce daƙiƙa 1.2 ba, a 3.5ppm kuwa daƙiƙa 2 da ɗan kai. In rubutun bayan cif DS3231M ne, wannan wani iri ne mai 5ppm, daƙiƙa 3 a mako nasa ne, ba laifi. In an ga daƙiƙa 10 ko fiye, cif ɗin jabu ne ko ya lalace, kuma jabu suna da yawa a irin waɗannan ƴan alluna masu arha. A canza shi. Akwai rajista 0x10 ta ƙaramin gyaran gudu, kowane mataki kusan 0.1ppm, amma ba a yi ta don rufe aibin jabu ba, kuma wanda ba shi da ma'aunin da ya fi cif ɗin daidaito ya bar ta a sifili.

Kundin kwana goman farko bai tafi a banza ba. Litocin daidai suke, tsawon kowane bi ma daidai, tunda a cikin yini agogon yana tafiya yadda ya kamata. Farkon kowace rana ne kawai ya ɓace. An gano iyakar ranakun ta lambar da Linux ke ba kowane tashi, wadda manhajar ke rubutawa a kan layi, aka ɗora kowace rana a kan ƙarfe 7 na safe da mai gadi ke kunnawa, aka gwada da jerin bi da ke littafinsa. Ruwan dattijon ya koma ƙarfe 9 na safe, kuma da wannan kundin aka yi lissafin watan.